Kiyashi a Gidan Harsashi

Harbi na sha ɗaya ya tashi, na sha biyu ya bi bayansa. Filin gasar harbin sojoji da ke bayan garin Tanout ya yi tsit. Kowa ya san doka: gidan harsashin ƙaramar bindiga goma yake ɗauka, alƙalin gasa ya duba, ya ɗiga masa jan fenti. Rissa, mutumin Tenhya da ke kan gaba, ya tsaya yana kallon hannunsa, baki buɗe.

"Innalillahi!" in ji alƙali. Maguɗi a nan hukuncinsa kora, a tuɓe wa mutum kaki a gaban jama'a.

Aka miƙa binciken ga Ajidan Maigari, tsohon hafsan sojan da bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Ya warware gidan harsashin. An goge cikinsa da magagari don ya ɗauki biyu ƙari, an ɗiga masa fentin ƙarya. Ya ajiye shi a kan tabarma, ya kira Rissa.

"Naka ne?"

"Wallahi musanya mini aka yi, Shef. Dubi maiƙonsa. Mu mutanen rairayi ba ma sa masa mai, yashi yake kamawa."

Maigari ya duba sauran gidajen harsashin Rissa guda biyu. A bushe ƙamas.

Ya kira Gajere, mai tsaron ɗakin makamai. "Bayan alƙali ya sa fenti, wa ya shiga?"

"Mukhtar na Belbeji, Shef." Ya haɗiye yawu. "Sai Nura ɗanka."

Mukhtar ya ɗaga kafaɗa. "Ni fa na bakwai nake, Shef. Sai an kori mutum shida kafin in taɓa kofi." Kwalbar man bindigarsa ta gwamnati ce.

Maigari ya koma tabarma, sai ya tsaya cik. Kiyashi sun yi jerin gwano, sun rufe gidan harsashin. Kiyashi ba sa bin man bindiga na gwamnati. Ya ɗauka ya sansana. Man gyaɗa.

Ya san wannan man. Tun shekarun da man bindiga ba ya isowa arewa yake shafa wa bindigarsa man gyaɗa. Barikin kaf dariya suke yi masa. Mutum ɗaya kawai ya koya wa, kuma mutumin shi ne na biyu a gasar.

Ya sa aka tara jama'a, ya ɗaga ƙarfen da kiyashinsa.

"Rissa ba ya sa mai. Mukhtar ba shi da riba. Wanda ya goge wannan ya shafa masa man gyaɗa. Ni ban shiga ɗakin ba. Nura, fito."

Nura ya fito. "Baba, shekara uku ina zuwa na biyu, kullum kana cewa..."

"Babanka yana gida. Nan Ajidan ne."

Maigari ya mayar wa Rissa bindigarsa da hannu biyu. Sannan ya juya, bai kalli fuskar ɗansa ba.

"Kwance ɗamararka."