Hayaƙin Rumfar Kifi

Shekara shida na yi a jirgin kamun kifi. Da na dawo ƙauyenmu na bakin teku kusa da birnin Semarang, an sare mangwaron ƙofar gida, masallaci ya zama bene, Yaya Darmaji ya bar taba, Inna kuma ba ta duban matarsa Lastri sai da harara.

"Shekara takwas ko ɓari babu!" in ji Inna. "Ka sake ta, Darmaji. Ƙwanta ne ya lalace."

"Haba Inna! In ta fita, ƙafata ƙafarta," in ji Darmaji.

Lastri tana rumfa tana kyafe kifi da ɓawon kwakwa, hawaye shaɓe-shaɓe. A gidanmu suruka ce ke gadon rumfar tun ranar da aka kawo ta.

Sun taɓa zuwa asibitin birni, inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a waje sannan a mayar mahaifa. Bai kama ba. Karo na biyu ni na tuƙa su, Inna ta biyo mu don ta ji da kunnenta.

Likitar ta ji ƙaurin mayafin Lastri, ta tambayi sana'arta, sannan ta juyo wajen Inna.

"Mama, ƙwai ba dutse ba ne. Watanni yake yi yana nuna cikin ɗan ruwa a jikinta, abin da take shaƙa yana iya isa gare shi. Ban ce hayaƙin ne kaɗai ba, ban kuma yi alkawari ba. Amma a raba ta da shi."

Washegari Inna ta ɗaure ƙugu.

"Fice min daga rumfa, Lastri! Kai kuma Tarjo," ta nuna ni da yatsa, "sarkin gantali, zo ka hura wuta!"

Bayan watanni muka koma, aka sake haɗa ƙwan Lastri. Kafin a mayar mata, likita ta nuna mana shi a allo, wani ɗigo da ya rabu gida takwas. Ni da na ga kifin da ya fi motarmu girma, sai ga ni na kasa ɗauke ido daga ɗigon nan.

"Wannan... jikana ne?" in ji Inna. "Ko ƙwan kifi ya fi shi girma! Subhanallah!" Ta kamo hannun Lastri. "Yafe mini, 'yata. Ni na tura ki cikin hayaƙin."

Cikin ya zauna da ikon Allah. Haƙurinsu ya biya. Na kuma koyi cewa kafin ka zagi iri, ka dubi ƙasar da ka shuka shi.

Yau ina ɗaure jakata, jirgi na jira. Inna na cusa min kyafaffen kifi tana mita.

"Ba za ka tsaya suna ba, ɗan banza? To wa zai hura min wuta?"