Odar Farko Daga Shadawanka

Wata huɗu ke nan da rasuwar jaririn Zubaida, amma ba ta ajiye kwarashi ba. Da ta gama shara da wanke-wanke sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gidansu na Fadaman Mada, ta jawo ledar ulu, ta hau saƙa: hula, safa, 'yar rigar sanyi. Ta gama ɗaya ta jefa a akwati, ta kama wata. Ba ta da wanda za ta sa wa, ba ta kuma tambayi kanta dalili ba.

Mijinta Mahfuz, mai gyaran firji, ya yi lallashi har ya gaji. Duk abin da ya ce, amsarta ɗaya ce: "To, Yaya."

Wata safiya maƙwabciyarsu Ƙauna ta shigo aron turmi, ta tarar da akwatin a buɗe.

"Zubaida, su wa kike tara wa wannan kayan? Miƙo wayarki."

Ta shimfiɗa farin zane inda hasken safe ke sauka, ta jera hula uku, ta ɗauki hoto.

"Kin gani? Ba a ɗauka a duhun ɗaki. Ki sa a sitatus, ki rubuta kala da girma da farashi, kar ki bar mutum yana tambaya. Ki roƙi mutum goma su yi miki fostin. Ni zan jefa ki guruf ɗin matan cocinmu. Wanda ya yi magana ki amsa da wuri, ko da ba saye zai yi ba."

Da yamma Zubaida ta nemi izinin Mahfuz. Ya ce, "In dai zai ɗebe miki kewa, ki yi."

Sati uku tana sa hoto kowace safiya. 'Yan uwa su rubuta "Masha Allah" su wuce. Wata ta tambayi farashi ta ɓace. Ko a jikin Zubaida. Yadda take saƙar haka take fostin ɗin, kamar mai shan maganin da aka rubuta mata.

Ranar Laraba surukarta Hajiya ta zo dubiya tare da wan Mahfuz, Yaya Nasiruddeen. Suna zaune a falo saƙon murya ya shigo. Zubaida ta danna ba tare da tunanin komai ba, sai muryar namiji ta cika ɗakin, da Hausar barikin soja:

"Madam, sannu. Wallahi hannunka yana da kyau sosai. Ranar Asabar ɗin nan fa, kar ka manta da ni."



"Wane ne wannan?" in ji Hajiya.

"Kwastoma ne, Hajiya. Luke sunansa. Jiya ya yi odar hula da safa."

"Kwastoma ne yake yabon hannunki?" Yaya Nasiruddeen ya juya ga ƙaninsa. "Kai Mahfuz, lambar matarka ce ke yawo a wayoyin sojoji kana zaune? Tun da na ga hotunan nan na san za a rina."

Hajiya ta gyara mayafi. "Ta je gidansu ta huta, har a san abin da ake ciki."

Zubaida ta ɗaga ido ta dubi mijinta. Kalma ɗaya take jira. Mahfuz ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur. Ta jira ta ji zafi a ƙirjinta, ba ta ji komai ba. Ta tashi ta sa hijabi, ta ajiye wayar da ƙullin leda a gabansa.

"Ga kayan mutane nan, Yaya. Na yi alkawarin Asabar."

Ta tari Keke Napep zuwa Ƙofar Dumi. A gidansu ta zauna ɗakin mahaifiyarta kwana uku, tana kallon bango. Inna ta tambaye ta me ya faru, ta ce, "Ba komai."

Ranar Asabar bayan la'asar aka ce ana sallama da ita. Ta fito zaure ta samu Mahfuz tsaye, idonsa jajur.

"Na je barikin Shadawanka," ya ce. "Ba don na kai kaya na je ba, Zubaida. Don na ga fuskar mutumin na je."

Ta gyara tsayuwa tana sauraronsa.

"Ba ya ma garin. Yana can bakin aiki wata biyar. A waya ya kwatanta min gidan. Matarsa na samu, Treasure, da bakwaini ɗan mitsitsi, duk hular kasuwa ta yi masa yawa. Taki ce ta zauna masa daidai. Ta ce, 'Oga, ka gaya wa madam Allah ya yi masa albarka.' Matan layin suka taru, mutum shida suka karɓi lambarki. Ina tsaye kamar ƙasa ta tsage in shige."

Ya miƙo mata wayarta. Treasure ta turo hoton jaririn cikin shuɗiyar hula. Zubaida ta daɗe tana kallo.

"Daga can gidan Hajiya na wuce," ya ci gaba. "Na kunna musu saƙonnin tun daga farko, ita da Yaya. Na ce ni na ba ki izini, kuma ba mai sake kore min mata. Hajiya ta ce in ba ki haƙuri."

"Hajiya uwa ce, abin da ta ji ta faɗa," in ji Zubaida a hankali. "Kai ne ka san ni, Yaya. Kai ne ka yi shiru."

Mahfuz ya durƙusa a ƙasan zauren nan, bai damu da masu wucewa ba.

"Na yi shiru. Ki yafe min."

Ba ta bi shi a ranar ba. Sai da Inna ta sa baki, Hajiya kuma ta tako da ƙafarta har Ƙofar Dumi, sannan ta koma ɗakinta ranar Talata.

Odar matan bariki shida ta zama ashirin kafin Ƙaramar Salla, kowace ta saya sai ta turo hoton ɗanta ta kuma jawo ƙawarta. Mahfuz ne mai kai kaya, da babur, bayan ya tashi daga shago. Zuciyar Zubaida ba ta warke rana ɗaya ba, amma ta fara tambayar sunayen jariran, ta fara riƙe su a ka.

Mace ta yi haƙuri da rashi, ta yi haƙuri da zargi, ta cika alkawarin baƙon da ba ta taɓa gani ba, Allah bai bar ta haka ba. Kai kuma maigida, ranar da aka tuhumi matarka a gabanka, ka bincika kafin ka sunkuyar da kai. Mahfuz ya samu zaure ya durƙusa an yafe masa. Ba kowa ne ke samun wannan damar ba.