Ankon Hajiya Dela

Ku matso, jikokina, ku ji labari. Hajiya Dela ta zazzage atamfofi a kujerar falonta a unguwar Catford, can ƙasar waje, kowace da hoton mijinta, Alhaji Ɗalha, yana murmushi, ƙasansa tambarin jam'iyya. Takarar kansila ya fito.

"Badariyya, ga naki turmin! Ranar Asabar dangi kaf cikin anko za mu fita raba takardu."

Saura wata biyu a ɗaura wa Badariyya aure da Is'haq, ɗan gidan. Ta sunkuyar da kai.

"Hajiya, a yi mini haƙuri. Matsayina a council, wato ƙaramar hukumar da nake wa aiki, restricted ne. Doka ta hana ni yi wa kowa kamfen, har hannu na sa."

"Wa ya ce kamfen? Anko na ce! Zani ne fa!"

"Zanin da fuskar Baba a jiki—"

"To, fuskar surukinki ce haram? Wadda ta ƙi ankon gida tun ba ta shigo ba, ai gidan ta ƙi!"

Yarinya ta fita hawaye shaɓe-shaɓe. Is'haq ya cim mata a bus stop.

"Badar, ko ɗankwalin kawai? Minti goma?"

"Wadda ta karya alkawarin ofis saboda ɗankwali, me zai hana ta karya naka?"

Ya miƙa mata hankici. "Kin kashe bakina. Bar ni da faɗan Umma, na saba."

Mako uku Hajiya ba ta amsa gaisuwarta, ta ma daina zancen biki. Duk Juma'a Badariyya na aiko da waina, a mayar da kula ba godiya. Amma fa ko ɓurɓushi babu a ciki!

Alhaji ya ci zaɓe da ƙyar. Wanda ya faɗi ya kai ƙara, wai surukar Alhaji ma'aikaciyar council ce, da ita aka yi yawon kamfen. Aka baje hotunan ranar Asabar: mata talatin cikin anko, babu Badariyya. Ƙara ta mutu murus, aikinta ya tsira, sunan Alhaji ma.

Hajiya da ƙafarta ta hau bene har flat ɗin su Badariyya, tana haki, da leshi fari sol a leda.

"Wannan babu fuskar kowa. Dokar taki ta yarda?"

"Ta yarda, Hajiya."

"Umma za ki ce, ja'ira! Kuma wainar jiya gishiri ya yi kaɗan."

Is'haq daga bakin ƙofa ya tuntsire da dariya.

Ku ji ni da kyau, jikokina: wanda ya ce muku a'a saboda amana, ku riƙe shi gam. Shi ne ba zai sayar da ku ba.