Jirgin da Baba Ya Aiko daga Abijan

A garin Karofane akwai wata yarinya ƴar lekol, wato ƴar makaranta. Babanta ya tafi cin rani Abijan tun bayan girbi. Duk sa'ad da ta ji ƙugin mota, sai ta ruga bakin hanya. Sai ta dawo gida jiki a sanyaye.

Wata rana maƙwabcinsu Mato ya dawo daga can. Ya kawo mata saƙon babanta. Ɗan jirgin ruwa ne na ƙarfe. A cikinsa akwai ƴar tukunya da gurbin kyandir.

"Da tururi yake tafiya," in ji Mato. "Amma babanki ya ce kada ki sa masa wuta sai ya zo."

"Baba Mato, yaushe zai zo?"

"Sai ruwan shuka ya sauka."

Rani ya yi tsawo. Kullum takan ɗauko jirgin ta shafa, tana tuna hannun babanta. Takan dubi sama, babu ko ɗigon hadari.

Ran nan Inna ta tafi rijiya. Yarinyar ta kasa daurewa. Ta cika kwano da ruwa, ta ɗora jirgin, ta kunna kyandir. Ba ta san ana fara zuba ruwa a tukunyar ba. Can sai ƙauri ya tashi. Dalmar da aka liƙe bututun jirgin da ita ta narke, bututun ya faɗi.

Inna ta tarar da ita tana kuka.

"Inna, na ɓata jirgin Baba."

"Da hannunki ne ya ƙone fa? Ajiye shi. Da bakinki za ki gaya masa."

Tun daga ranar, in ta ji mota ba ta rugawa bakin hanya. Tana son ganin babanta, tana kuma jin kunya.

Ruwa ya sauka, Baba ya iso. Ta laɓe bayan rumbu.

"Ina ɗiyata?" ya tambaya.

Ta fito da jirgin a hannu, kanta a sunkuye. "Baba, ban jira ka ba. Ka gafarta mini."

Baba ya daɗe yana juya jirgin. "Tun a Abijan nake ɗokin ranar da za mu kunna shi tare," ya ce. "Na gafarta miki. Amma yanzu sai an gama shuka."

Wannan karon ta jira. Bayan shuka suka je kasuwar garin Buza, mai gyaran rediyo ya liƙe bututun.

A bakin tabki Baba ya nuna mata. "Ruwa tukuna, sannan wuta, sannan ki dakata."

Ta dakata. Sai jirgin ya fara fat-fat-fat, ya tsaga ruwa! Ta yi tsalle, ta riƙe hannun babanta gam.

Daga ranar ta gane cewa in babba ya ce a jira, akwai dalili. Abin da ba ta iya ba kuma, sai ta tambaya kafin ta taɓa.