Saiwa Ta Uku

Sana'ata kai wa ɗakunan awo kaya: kwalabe, takardar tacewa, jarkokin sinadari. Na ga masu awo iri-iri, na gaskiya da na bogi, amma ban ga wanda ya kai Sikeli iya aiki ba, ban kuma ga wanda ya yi mummunan ƙarshe irin nasa ba. Ana ce masa Sikeli don komai sai ya auna. Matarsa takan tsokane shi ta ce ko gishirin miya sai ya tambayi nauyinsa.

A masana'antar jinsen yake aiki. Jinsen wata saiwa ce mai siffar ɗan mutum, hannu biyu, ƙafa biyu, wata ma har da ɗan tumbi. Turara ta ake yi, a busar ta koma ja, a sayar wa masu neman ƙarfin jiki. Darajarta ba a ido take ba, tana cikin wani sinadari mai ɗaci, kuma Sikeli ne mai faɗin yawansa. Ya niƙe saiwar ta zama gari, ya jiƙa a barasar awo, ya tace, ya ɗura a 'yar kwalba kamar ɗan yatsa, ya ba na'ura. Na'ura ta ja layi a allon kwamfuta. In layin ya yi tuddai masu tsayi, kaya na gari ne. In ya kwanta, to tuƙa ce: an riga an tsotse amfanin, an sake busar da gangar jikin.

Da sa hannunsa wasu suka gina benaye, shi kuwa yana haya ɗaki biyu, shi da tsohon mahaifinsa, da matarsa, da 'yarsa tilo wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci. Abin ya daɗe yana cin sa a rai. Ya san inda ake zubar da tuƙa buhu-buhu, ya san ido ba ya gane ta. Na'ura ce kaɗai ta tare masa hanya, ita kuwa ba ta cin hanci.

Sai aka kwatanta masa wurin wani boka. Wani sito ne bayan tsohuwar tasha, rufinsa ya lotsa. Da rana tsaka Sikeli ya shiga, amma ciki sai da fitila. Tukwanen ƙasa uku a rufe bisa jan ƙyalle, ƙasusuwa a jere bisa tsayinsu, baƙin zare ya kewaye ɗakin daidai gwiwa. Wari na tashi kamar na mahauta, amma ko ƙuda ɗaya babu. Bokan siriri ne, farcensa tsaf, ya fi kama da mai sayar da magani.

"Mutum nawa ke ci daga tukunyarka?" in ji boka.

"Uku. Ni na huɗu."

"Kawo saiwa uku masu cikakkiyar siffa, da ruwan da kowannensu ya wanke fuska da safe. Kowa da kwalbarsa."

"Nawa zan biya?"

"Ba ni ke karɓa ba."

Sikeli ya gyara zama. "Malam, ni mai awo ne. Na san abu ba ya ƙaruwa a nan sai ya ragu a can. Ƙarfin da zai shiga tuƙar, daga ina zai fito?"

Boka ya yi murmushi. "Wanda ya iya wannan tambayar ai ya san amsarta."

"Ba jini dai ko?"

"Ko ɗigo. Babu yanka, babu wuƙa. Tunda kuma ka iya ciniki, ga gyara: ba za ka ji zafi ba."

Sikeli ya ɗauka ciwon jiki ake nufi, har da godiya.

Da ya kawo kayan, boka ya buɗe tukwanen, ya jiƙa kowace saiwa a ruwanta, yana kiran sunan mai ruwan cikin wata murya da ba tasa ba. Busassun saiwoyin suka kumbura, suka yi laushi, suka ɗauki ɗumi kamar hannun mai barci. Ya ɗaure ta tsoho da farin zare, ta matar da ja, ta yarinyar da kore. Ya ce a binne ɗaya cikin gangar tuƙa a rufe, washegari a ciro. Sharaɗi ɗaya ne: kada ƙarfe ya taɓa su.

Ranar da tuƙa ta zana tuddai a allo, Sikeli ya ajiye aiki. Kafin a ce kwabo ya buɗe tasa masana'antar, da ɗakin awonsa mai farar tayil da na'ura sabuwa fil, ni nake kai masa kaya. Masu saye suka yi ta aunawa a nasu ɗakunan, sakamako ɗaya. Gida ya zo, motoci suka zo, tsoho ya samu ɗaki mai banɗaki a ciki.

Kada wani ya ce mini bai sani ba. Mai hali ba ya fasa halinsa: duk sanda ya ciro saiwa mai farin zare sai ya shimfiɗa takarda ya ɗora ta a sikeli, kullum kuma tana raguwa. A gida tsoho ya fara cewa abinci ba ɗanɗano. Sai ƙafafu suka daina ɗaukarsa. Sai ya koma zama bakin taga, ido a buɗe, ba ya kallon komai. Likitoci suka duba ba su ga cuta ba. Ya rasu ba tare da ko nishi ba, waɗanda suka ɗauki gawar suka ce kamar kwando ba komai a ciki. Sikeli ya zauna karɓar gaisuwa yana laluben hawaye a cikinsa, bai samu ba. A nan ya gane gyaran da aka yi masa. Sati na zagayowa ya binne saiwa mai jan zare cikin gangar tuƙa.

Matar nan mai barkwanci dariyarta ce ta fara tafiya. Daga nan ta kama wanke faranti ɗaya tun safe har rana ta faɗi. Haukanta ba na ihu ba ne, na shiru ne, shi ya fi ban tsoro. Wata rana ta dubi 'yarta ta ce, "Ke 'yar wane gida ce? Je ki, kada a neme ki." Aka kai ta asibitin masu taɓin hankali, tana can har yau da farantinta.

Yarinyar ta same shi a falo, jakar makaranta a bayanta.

"Baba, ni ma zan zama kamar Mama?"

"A'a, Uwata."

"Ka rantse."

Ya rantse. Zafi dai bai ji ba, amma lissafi ya iya, ya san saiwa ɗaya ta rage. Ya koma siton ya ce a mayar masa da matarsa.

"Kai da kake tatsa kullum," in ji boka, "ka taɓa mayar da ruwa cikin tuƙa? Wannan ta tafi, tana cikin jinin waɗanda suka sha. Ta ukun dai ba ka taɓa ba. Adana ta. Muddin tana lafiya, yarinya na lafiya."

To a ina zai adana? Gida akwai ɓeraye da masu aiki. Wuri ɗaya ya yarda da shi a duniya, ɗakin ajiyar samfur: sanyi daidai, babu danshi, ƙofa da kwaɗo. A nan ake ajiye kwalba guda daga kowane zubi na kaya, don in rigima ta taso a sake aunawa. Shi da kansa ya kafa dokar cewa duk kwalbar da ba ta da lamba shara ce, a zubar. Saboda haka ya sa saiwar 'yarsa a kwalba, ya manna mata lambar zubi na ƙarshe, ya jera ta cikin sauran. Wani zai tura ta ƙarƙashin katifa, amma mai awo ba ya iya ajiye abu ba lamba. Ya ci gaba da sayar da tuƙa zalla da tsofaffin sakamako, yana fatan kada a duba.

Aka zo dubawa. Ina nan ranar, na kai jarkoki. Babban kamfanin da ke saye ya aiko mai bincike, wata mata mai tabarau, ba ta da wasa. Ta bi kantar da yatsa ta tsaya.

"Wannan. Zubi na ƙarshe. Har ado kuke musu da zare?"

"Ranki ya daɗe, ga wasu nan kusa."

"Ka fi ni sanin ƙa'ida. Mai kaya ba ya zaɓa wa mai bincike. Ko akwai matsala ne?"

Kalma ɗaya ta ishe shi. Ya fizge kwalbar ma ya isa. Amma da ya yi haka, za ta kwashe kantar duka ta auna, masana'anta ta tafi, shi ya tafi kurkuku. Na ga ya tsaya, fuskarsa irin wadda yake yi gaban sikeli in yana jiran allura ta daidaita.

"Babu matsala," in ji shi.

Ma'aikaciyar ɗakin ta zazzage kwalbar a tafinta ta ɗago kai. "Oga, saiwar nan da ɗumi fa."

"Niƙa," in ji mai bincike.

Injin niƙa ɗan ƙarami ne, wuƙaƙensa na ƙarfe. Ƙarar da ya yi ba irin ta busasshiyar saiwa ba ce, har yau ba na son tuna ta. Garin ya fito a jiƙe. Aka tace, aka ba na'ura. Layin ya tashi ya yi ta hawa har ya wuce saman allo. Mai bincike ta cire tabarau ta ce tunda take aiki ba ta ga kaya mai ƙarfin wannan ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Daga makaranta ne: yarinya ta faɗi a aji tana cikin karatu, kafin a ɗaga ta babu rai. Ya saurara har ƙarshe.

"To," ya ce. "Na ji."

Ya mayar da wayar aljihu, ya sa hannu a sakamakon.

Sauran bai daɗe ba. Kaya na gaba da suka auna layi ya kwanta, aka dawo da lodi, aka garƙame masana'anta, gida da motoci suka bi. Yanzu yana zaune bakin tsohuwar ƙofar masana'antar da ɗan sikelinsa, yana auna tsakuwa. Damtsensa duk tabon tsunkuli ne. Na tsaya sau ɗaya na gaishe shi, ya miƙo mini hannun ya ce, "Gwada kai ma, ko naka zai yi zafi."

Kai mai hangen abin da ba naka ba, ka ji da kyau. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma duk wanda ya ce zai cika maka ganga ba tare da ka biya ba, daga tukunyar gidanka zai ɗiba. In ka rasa naka ka yi kuka, gode wa Allah, da sauranka. Sikeli ya binne mahaifinsa da 'yarsa, har yau yana neman hawaye ɗaya bai samu ba.