Motar da Ta Tsaya a Mashigar Biri

Bayan sallar isha'i aka ɗauke wuta, muka fito da tabarma tsakar gida. Ƙanwata Ramlatu ce ta tayar da maganar. An tura ta koyarwa wani ƙauye can cikin duwatsu, ta ce ranar Asabar za ta tafi ita kaɗai, ai mota ce za ta kai ta.

Yaya Uwani, 'yar wan babanmu, tana gefe tana ɓare gyaɗa. Ta haura shekara ashirin tana aikin jinya, ba ta da yawan magana. Ta ture kwanon.

"Ke kaɗai?" in ji ta. "Ku matso. Wannan ba tatsuniya ba ce. Ni abin ya faru da ni, kuma ba na son dariya."

Muka matsa. Ta rage murya, ta fara ba mu labarin.

Lokacin ina sabuwar fitowa daga makarantar koyon aikin lafiya. Aka aiko da takarda daga Ɓurmawa, wani ƙauye a kan tsauni, cewa ƙyanda ta shiga, an binne yara huɗu cikin mako guda. Motar ofishinmu tana gareji. Shugabanmu ya miƙo mini akwatin sanyi, irin mai igiyar ratayawa, da allurar rigakafi da ƙanƙara a ciki.

Ya ce, "Ƙanƙarar nan wuni ɗaya take yi. In ta narke, ruwa kika kai musu."

Da asuba ina tasha. Bas ɗin Rafin Gora bai cika ba sai da hantsi. A hanya taya ta fashe. Damina ce, wani wurin sai mun sauka an tura. Sai bayan la'asar muka shiga Rafin Gora, kasuwa tana watsewa.

A nan kwalta ta ƙare. Mota ɗaya ce ke hawa tsaunin, akori-kurar wani Malam Buba, ita ma ranar kasuwa kawai. Aka ce ta tashi tun azahar.

Na je wurin 'yan acaɓa. Da na ce Ɓurmawa, sai kowa ya ɗaga kai ya dubi rana, ya kau da fuska. Wata mai tuwo ta yafito ni.

"Ki kwana a wurina, 'yar nan. Gobe da safe ki bi masu jakuna."

Na girgiza akwatin. Na ji ruwa ya fara motsi a ciki. Na ce, "Inna, ba zan iya ba."

Wani dattijo cikin 'yan acaɓar ya tashi ya kaɗe wandonsa. "Zan kai ki gindin dutse, Mashigar Biri. Ba na wuce nan."

"Daga can tafiyar nawa ce, Baba?"

"Awa biyu, in kina da ƙafa. Kada ki zauna hutawa."

Ya kai ni. Ko kashe babur ɗin bai yi ba. Ina sauka ya juya.

Hanyar ta ratsa tsakanin manyan duwatsu biyu. Jar ƙasa ce, duk ramuka, ruwa kwance a cikinsu. Ciyawa ta fi ni tsawo dama da hagu. Gajimare ya sauko ya zauna a kan duwatsun. Na fara hawa. Igiyar akwatin tana cin kafaɗata, ina sauya ta daga wannan zuwa wancan. Ban yi rabin awa ba numfashina ya fara sarƙewa. Rana ta yi ja.

Sai na lura babu kukan tsuntsu. Babu na kwaɗi, alhali ga ruwa ko'ina. Takalmina kaɗai nake ji.

Ban ji zuwanta ba. Inuwarta na gani a gefena. Na waiwaya, ga akori-kura, tsohuwa, koriya, cike da mata a baya. Ban ɗaga hannu ba. Ita ta tsaya.

Gilashin gaba a rufe yake, ban ga direba ba. Wata tsohuwa daga baya ta miƙo hannu. Na ce a raina, Allah ya kawo sauƙi. Na kama, ta jawo ni da akwatin gaba ɗaya kamar ta ɗaga kara.

Na yi sallama.

Ba wadda ta amsa. Can tsohuwar ta ce, "Sannu."

Ramlatu ta katse ta. "Yaya, ba ki sauka ba?"

"Motar ta riga ta tashi. Yi shiru ki ji."

Matan sun kai goma. Kowacce ta ja mayafi har goshi, zanenta ya sauka ya rufe ƙafa. Ga kwanduna, ga ƙwarya, kamar masu dawowa daga kasuwa. Amma kun san matan kasuwa, ba sa shiru. Waɗannan ko tari babu.

A gabana akwai ƙwaryar nono a buɗe, cike fal. Ina kallon ramukan hanya suna wucewa ta ƙarƙashinmu. Nonon bai motsa ba. Mu ma ba mu motsa ba.

"Ke ce mai magani," in ji tsohuwar.

A gabana take zaune. Amma muryar daga bayan kunnena ta fito. Na juya, babu kowa, ƙarfen mota ne kawai. Na dawo da idona, sai a lokacin na ga bakinta yana motsi. Magana ta riga ta ƙare.

Na sunkuyar da kai don kada ta ga fuskata. Kuskuren da na yi ke nan. Iska ta ɗan ɗaga gefen zanenta. Kofato ne. Baƙi, a tsage biyu, da jar laka a jikinsa. Na dubi ta kusa da ita. Na dubi ta gaba. Daga nan na daina dubawa.

Na so in karanta Ayatul Kursiyyu. Na san ta tun ina 'yar shekara bakwai. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse.

"Kin gani," in ji ta. "To, shi ke nan. Duba mini yaron nan."

Ta yaye mayafinta. Ashe da yaro a cinyarta, kamar ɗan shekara uku, an naɗe shi da tsumma. Tun kafin in taɓa shi na ji zafin jikinsa a fuskata. Ƙuraje sun rufe shi daga bayan kunne har ciki. Leɓensa ya tsattsage. Numfashi yake da ƙyar, haƙarƙarinsa yana shiga ciki.

"Ƙyanda ce," na ce. Ban gane muryata ba.

"Mun sani. Wurin yaranku ya ɗauko. Da su yake wasa a bakin rafi, su ba su sani ba." Ta nuna akwatin da haɓa. "Buɗe. Ki yi masa."

Ku ji abin da ya zo mini a rai. In yi masa allurar, in ce zai warke, su sauke ni. Wa zai sani? Hannuna har ya kai kan murfin. Sai yaron ya buɗe ido. Ƙwayar idonsa a kwance take, irin ta akuya. Amma kallon, wallahi, kallon yaro mara lafiya ne. Na sha ganinsa.

Na ɗauke hannuna. Na ce, "Inna, wannan ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu. Kariya ce ga wanda bai kamu ba."

Motar ta tsaya cak.

Duk matan suka juyo lokaci guda. Daga gaba na ji an buɗe ƙofar direba. Wani abu mai nauyi ya taka ƙasa. Taku ɗaya. Taku biyu. Ya tsaya daidai bayana. Ina jin hucinsa a wuyana.

Tsohuwar ta ɗaga hannu. "Bari," in ji ta, ba da ni take ba. Sannan ta dube ni. "Me kike da shi?"

"Kaɗan ne."

"Yi da kaɗan ɗin."

Na zazzage jakata. Akwai jar ƙwayar bitamin da muke ɗiga wa masu ƙyanda, akwai maganin zazzaɓi na ruwa, akwai gishiri da sukari na ƙunshi. Na fasa ƙwayar da haƙorina. Na ɗiga masa. Na ba shi maganin da murfin kwalba. Na jiƙa gefen mayafina da ruwan gorata na goge masa ido da baki. Na nuna mata yadda za ta dama gishirin, ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Na ce kada a rufe shi da kaya masu nauyi. Aikin ne ya riƙe ni, ba don shi ba da na suma.

"Zai tashi?"

"Ban sani ba, Inna. Ciwon ya sauka ƙirjinsa. Sai abin da Allah ya yi."

Da na ambaci sunan Allah, sai da matan suka ja baya. Ita ba ta motsa ba.

"In ya kwana, kin kwana," in ji ta.

Aka rufe ƙofar gaba. Motar ta tashi. Ban ƙirga goma ba ta sake tsayawa. Tsohuwar ta sauke ni da akwatina. Ga bukkoki, ga hayaƙin girki, ga ladan yana kiran magariba. Na waiwaya. Hanya ce kawai, laka lumui, babu sawun taya.

Mai unguwar Ɓurmawa ya fito da buta a hannu. Ya dube ni, ya dubi hanya.

"Malama, wa ya kawo ki?"

"Mota."

Bai ƙara tambaya ba. Ya kira matarsa ya ce ta shigar da ni ɗaki, kada a bar ni ni kaɗai. Sai bayan isha'i Malam Buba ya iso da tasa motar, duk jikinsa laka. Tun la'asar ya maƙale a tsakiyar hanya, ya tare ta gaba ɗaya. Ya rantse ko akuya ba ta wuce shi ba.

Ban runtsa ba. Matar mai unguwa ta zauna a bakin ƙofa da carbi har zakara ya yi cara. Da na ga hasken gari ta kafar ƙofa, na fashe da kuka. Na ce a raina, yaron ya kwana.

Na buɗe akwatin ina fargaba. Ƙanƙarar da na ji tana narkewa jiya ta koma tauri kamar yanzu aka ciro ta. Haka ta zauna kwana huɗu. Na yi wa yaran Ɓurmawa, na yi wa na rugage, na yi wa na ƙauyukan bayan dutse. Daga ranar ba a sake binne yaro ba.

A rana ta huɗu da yamma, na sallami kowa, ina haɗa kaya a ƙarƙashin rumfa. Na ɗaga kai, sai ga layi. Mata bakwai, kowacce da yaro a hannu, mayafi har goshi, zane yana jan ƙasa. Ba wadda ta yi sallama.

"Kika gudu?" Wannan karon ni ce na katse ta, ba Ramlatu ba.

Yaya Uwani ta girgiza kai.

Na zauna na yi musu. Ɗaya bayan ɗaya. Idona a kan damtsen yaro kawai, ban kalli ƙasa ba, ban kalli fuska ba. Ba wanda ya yi kuka cikinsu. Na gama da na bakwai, sai ga tsohuwar a ƙarshen layi. Hannunta babu komai.

Na ce, "Inna, ina yaron?"

Muryar ta zo ta bayan kunnena. "Ya kwana. Kwana uku ya yi. Jiya muka kai shi."

Na ce, "Na yi iya yina."

"Na sani. Kin faɗi gaskiya a inda ƙarya ta fi sauƙi. Da kin soka masa allurar nan kin ce zai tashi, da yau ba ki nan." Ta gyara mayafinta. "Ni kakarsa ce, na haƙura. Amma mai tuƙin nan ubansa ne. Shi ke nan gare shi. Ya ce kina da magani cikin akwati kika hana."

"Ki gaya masa ba haka ba ne."

"Na gaya masa. Ba ya ji." Ta juya za ta tafi, ta tsaya. "A cikin mutane ba zai taɓa ki ba. Kada ki yarda ya same ki ke kaɗai a bakin hanya."

Na yi shekara biyu a Ɓurmawa. Ban taɓa sauka daga tsaunin nan ba sai cikin ayarin masu jakuna, da rana tsaka.

A nan Yaya Uwani ta kai ƙarshen labarinta. Ba wanda ya motsa a kan tabarmar. Can a bakin titi wata mota ta wuce, muka bi ƙararta da kunne har ta ɓace.

Ramlatu ta matsa kusa da ita. "Yaya, tun daga nan kin sake ganin motar?"

"Sau biyu. Sau ɗaya a hanyar wani ƙauye, na riga abokan tafiyata fitowa. Ta rage gudu, sai ga su sun ɓullo, ta wuce."

"Ɗayan fa?"

"Bara. A bakin layin nan namu, da magariba, na fita sayen maganin sauro." Ta nuna ƙofar gida da hannu. "Wannan karon gilashin a sauke yake."

Ba wanda ya tambaye ta abin da ta gani.

Ta jawo kwanon gyaɗarta, ta dubi Ramlatu. "Ranar Asabar Kawu Sale zai raka ki har ƙofar makarantar. In mota ta kuɓuce muku, ku kwana a tasha. In hanya ta ƙare sai tafiyar ƙasa, ku jira ayari. Kuma duk gajiyar da kika yi, motar da ba ke kika tsayar da ita ba, ko ƙafa kada ki ɗora mata."