Akori-kura Mai Sitiyari a Dama

A wani gari can, an yi wata yarinya mai tara ƙananan motocin wasa na ƙarfe, irin na da. Kakanta ne ya koya mata yadda ake gane su.

Wata rana ƙawarta ta zo da wata tsohuwar akori-kura wadda fentinta ya goge, ta ce, "Karɓi wannan, ki ba ni jar motarki mai ƙyalli."

Yarinya ta juya ta, ta duba taya, ta leƙa ciki. Sai ta ga sitiyarin yana dama! Kakanta ya shekara talatin yana neman irinta bai samu ba.

Ta riƙe motar. Can sai ta miƙa wa mai ita, ta ce, "Ƙawata, kada ki yi musaya. Irin taki wuyar samu gare ta. Kada ki wanke ta da ruwa, kada ki sake mata fenti."

Suka goge ta da busasshen ƙyalle, suka naɗe ta da auduga.

Washegari sai ga ƙawar da wasu motoci uku a hannu, tana murmushi. Ta ce, "To, ni ma koya mini dubawa."